Jan-Bakina A Ƙarƙashin Bonet

Jama'a, ku matso kusa, yau bakina ya ƙi rufuwa. Idan kun ga rubutun nan a hargitse ku yi min uzuri, da hannu ɗaya nake danna waya, ɗayan na toshe baki da shi kada Gwaggo ta jiyo ni ina dariya ni kaɗai a ɗaki, ta ce abin ya kai a nemo min magani.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce auta a gidanmu, kuma tela ce. Keken da nake ɗinki da shi na Mama ne, tsoho, baƙi, gefen kansa a ɓalle, yana nan a lungun falo kusa da taga. Mama ta rasu ina shekara shida, sai Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tattaro kayanta ta dawo gidan. Tun daga ranar ko cokali ba ya motsi sai da saninta.

Wanda nake so bakanike ne. A wayata Sifana na sa masa, sunan ƙarfen nan nasu na kwance noti, Gwaggo kuwa Baƙin Mai take ce masa, ko a gaban idonsa. Ita tana da nata ɗan takarar, wani mai kemis a bakin titi, kullum cikin farar riga, ga turare kamar an fasa kwalba. Bawan Allah bai yi min komai ba. Kawai dai da ya fara magana sai in ji hamma ta taso min tun daga ƙafa.

To, Baba yana da mota. Dattijuwa muke ce mata, don ta girmi babban yayanmu. Shuɗiya ce a da, yanzu sai dai a ce ta taɓa zama shuɗiya. Injinta ya mutu tun bara, amma kowace safiya Baba sai ya fita da tsumma ya goge ta. A kan bonet, ɗan gefen hagu, akwai wata loɓa mai faɗin faranti. Tun tasowata nake ganinta, kuma tun tasowata na san doka ɗaya a gidanmu: ba a zancen gyara loɓar nan. Na taɓa tambayar Gwaggo, ta ce, “Wani abu ne ya faɗo,” ta ci gaba da ninke zaninta.

Ranar da Sifana ya yi ta maza ya zo gaishe da Baba, ya kankare faratansa har sun yi ja. Ina bayan labule, kunne a miƙe. Baba ya bar shi ya gama in-ina, sannan ya ce, “Na ji an ce hannunka yana da kyau.”

“Ana dai taɓawa, Baba.”

“To wanda zai riƙe min 'ya, bari in ga yadda zai riƙe min mota. Ka sa mata inji irin na yanzu. Ranar Juma'a ta ƙarshen wata ta shigo gidan nan da ƙafarta. Idan ta shigo, ka turo manyanka. Idan ba ta shigo ba, ƙanwata tana da baƙo ranar Asabar, kuma zan zauna in saurare shi.”

“In sha Allahu, Baba.”

“Abu ɗaya. Kada guduma ta taɓa jikinta. Ko sau ɗaya.”

Wayyo, da kun ga tsallen da na yi a bayan labulen nan, har na bige da ƙofa! Inji kawai? Mutumin da na gani da idona ya tayar da motar da aka yi shekara ana shanya a kanta? Na ce a raina an gama, Gwaggo sai ki nemi wata ki ba mai kemis.

Ita ma Gwaggo ba ta zauna ba. Ta kawo min wani jan-baki a kwali mai ruwan zinare, wai saƙon mai kemis ne. “Shi za ki shafa ranar Asabar. Ki adana, ba irin na bakin hanya ba ne.” Ja ne sosai, irin wanda ake hangowa daga tsallaken titi. Na ce na gode, na jefa shi a jaka.

Baba ya ƙi sakin Dattijuwa sai da sabon inji ya iso, wai ba za ta yi ta kwana a waje ba gaira ba dalili. Ku riƙe wannan, don a nan gizo ke saƙar. Ranar Litinin aka ja ta zuwa gareji. Daga nan wayata ba ta huta ba.

Litinin: “An fitar da tsohon. Na gaishe shi kafin in sauke shi.”

Talata: “Sabon ya zauna daram. Madam Tela, ki fara zaɓen yadi.”

Laraba: hoton hannunsa baƙi ƙirin, ya ɗaga babban yatsa. “Ta tashi! Ƙararta kamar mage tana barci.”

Na yi juyi a kan gado har zanin gadon ya naɗe ni. Na ɗauko yadin da na ɓoye a ƙasan akwati, mai ruwan zuma, na yafa a kafaɗa ina kallon madubi ina gaishe da dangin miji ɗaya bayan ɗaya.

Alhamis da hantsi saƙo ya shigo, kalma uku kacal: “Bonet ya ƙi.”

Na rubuta, “Ya ƙi me?”

“Rufuwa.”

Na bar rigar wata mata a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya a haɗe ɗaya a sake. Na zura doguwar rigata koriya, na ja farin mayafi, don tsabar ruɗewa na sa takalmi mai tsini. Gareji fa za ni, jama'a, da farin mayafi da takalmi mai tsini! Na ce wa Gwaggo zare ya ƙare. Ta kalli kwandon zare cike fal, ta kalle ni, ban tsaya jin sharhi ba.

Na tarar da Dattijuwa a ƙarƙashin rumfa, baki a ɗan buɗe kamar mai shirin atishawa. Sabon injin yana ciki, fes, sai ƙyalli yake. Sifana yana tsaye da tef ɗin awo a wuya, gumi har gemu. A gefensa ga wani dattijo mai gyaran jikin mota, gajere mai ƙaton damtse, kowa a wurin Mai Guduma yake ce masa.

Yana ganina ya ce, “A'a, amaryarmu ce da kanta? Ki taka a hankali, ƙasan nan duk mai ne.”

Sifana ya sauke bonet a hankali don in gani. Ya taho, ya taho, saura kaɗan ya kama, sai ƙwas, ya tsaya. Na zura yatsa a tsakani. Yatsa ɗaya ne cif, ba ƙari.

“Injin yanzu ya fi na da tsayi,” in ji shi. “Na san da haka. Na auna gaba saboda lagireto, na auna gefe saboda sandar sitiyari, na auna ƙasa, na auna sama. Sau uku na auna sama, akwai sarari yatsa biyu. Ban san ina ya tafi ba.”

“To a ina yake tokarewa?”

“Ai shi ne. Da an sauke murfi ba ka ganin ciki. Mun shafa giris, baƙi a kan baƙi, bai nuna ba. Mun goga alli, ya kakkaɓe.”

Ni fa tela ce. Idan ina son in san inda riga ke matse mutum, alama nake sawa. Na buɗe jaka ina neman allin ɗinki, hannuna ya faɗa kan kwalin nan mai ruwan zinare. Na tsaya. Na kalli kwalin, na kalli injin. Allah ya yafe min, wata dariyar mugunta ta taso min.

“Gwada wannan.”

Mai Guduma ya karɓa ya jujjuya. “Kai, wannan ai na manya ne. A ina kika samo?”

“Kyauta ce. Mai kyautar ma zai so a ce ta yi amfani.”

Sifana ya gane. Ya cije leɓe don kada ya yi dariya, ya murzo jan-bakin, ya bi duk wani tudu da ke saman injin yana shafawa a hankali, kamar mai yi wa amarya kwalliya. Rabin sandar ya tafi a wurin. Aka sauke bonet, aka danna kaɗan, aka ɗaga. Mu uku muka cusa kai.

Ga shi nan, ja jawur, ɗan zagaye kamar an sumbaci ƙarfen. A wuri ɗaya tak. Na bi wurin da ido, na zagayo na duba ta sama. Daidai cibiyar loɓar Baba.

Sifana ya dafe kai da hannu biyu. “Innalillahi. Ba ita na auna ba.”

“Ban gane ba.”

Ya nuna bayan gareji. Can cikin ciyawa ga wata mota irin Dattijuwa sak, ba taya, ba gilashi. “Da Baba ya hana ni ita, sai na yi duk awona a kan waccan. Shekararsu ɗaya, ƙirarsu ɗaya. Amma waccan bonet ɗinta lafiya lau yake.”

“Ka auna 'yar'uwarta ka yanka mata?” na ce. “Haba! Ko tagwaye suka zo shagona, kowacce sai ta ɗaga hannu na zagaya ta da tef!”

Mai Guduma ya yi dariya har da tari. Da ya lafa sai ya shafa loɓar ta ƙasa da tafin hannu, irin shafar wanda ya san aikinsa. “Ku kwantar da hankali. Wannan bugu biyu ne. In sa katako in ɗaga ta yatsa ɗaya da rabi, in bar mata ɗan kwari ta sama yadda ido ba zai rabe ba. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Wa zai sani?”

Yanzu ga inda nake son ku yi min adalci, ko kuma kada ku yi, don ni ma ban yi wa kaina ba. Na hango Asabar. Na hango mai kemis a falonmu yana ba Baba labarin maganin tari. Na hango Gwaggo tana murmushi. Sai na ji bakina yana cewa, “A buga.”

Sifana ya juyo.

“A buga mana! Loɓa ce fa, ba mutum ba. Gobe Juma'a. Yatsa ɗaya ne zai raba mu?”

“Ya ce kada guduma ta taɓa ta.”

“Ba zai gane ba!”

“Mutumin da yake goge wurin nan kullum da hannunsa? Ko bai gane ba, ni na sani. In je in zauna a falonsa, in ci abincinsa, in kira shi Baba?”

“To sai ka zauna da gaskiyarka, ni kuma a kai ni kemis in riƙa ƙirga ƙwayoyi!”

Na faɗa da ƙarfi har masu wanke mota a can gefe suka waiwayo. Hawaye ya zo min, na ji haushinsa, na ji haushin kaina, kuma duk a lokaci guda wani sonsa ya ƙara kama ni kamar in yi ihu. Ku faɗa min, wannan wace irin cuta ce?

Ya ce akwai hanya, amma doguwa ce. A sake ɗaga injin da sarƙa, a rage tsayin kujerun da yake zama a kai. Idan ya sauka, kaskon baƙin mai da ke ƙasansa zai kusa taɓa ƙarfen da ya gitta, sai an nemo marar zurfi an canza. Kuma dole a bar sarari, don inji rawa yake yi idan ya tashi. Kwana huɗu, in an yi sa'a.

Ya goge hannu a wando, ya ciro waya. Ina ji ina gani ya kira Baba.

“Baba, barka da rana. Motar ba za ta shigo gobe ba. Kuskure nawa ne, na yi awo a inda bai kamata ba.”

Ban ji amsar ba. Ya sauke wayar ya ce, “Yana zuwa.”

Na nemi hanyar gudu. Takalmi mai tsini ya ce bai san zancen ba, ya nutse a ƙasa mai laushi, na tsaya ina fama da shi kamar akuyar da aka ɗaure. Ban gama cirewa ba sai ga Baba ya sauko daga tasi da sandarsa da hularsa a karkace. Ya kalle ni daga sama har ƙasa.

“Auta, a nan ake sayar da zaren?”

Na sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Sifana ya yi masa bayani tiryan-tiryan, bai rage komai ba, har motar cikin ciyawa ya nuna masa. Baba ya saka tabarau, ya leƙa ƙarƙashin bonet. Ya daɗe yana kallon jan tabon nan. Ya dangwala da yatsa, ya duba, ya shinshina.

“Wannan wane irin giris ne mai ƙamshi?”

Mai Guduma ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

“Nawa ne, Baba,” na ce, murya kamar ta sauro.

“Na ga alama.” Ya juya wurin Sifana. “Na san aikin nan kaɗan. Bugu biyu zai raba gardama. Ba wanda ya ba ka shawarar haka?”

“An ba ni, Baba. Amma motar a hannuna ka ba da ita.”

“Wa ya ba ka?”

Sifana ya kau da kai don kada ya kalle ni. Mai Guduma ya buɗe baki zai ɗauki laifin shi kaɗai, na riga shi.

“Har da ni, Baba. Ni na fi kowa matsawa. Na ce loɓa ce, ba mutum ba.”

Na jira faɗa. Baba bai yi faɗa ba. Ya sauke bonet ɗin a hankali har inda ya tsaya, ya ɗora tafin hannunsa a cikin loɓar, ya cika ta daidai.

“Sati na biyu da sayen motar nan,” ya ce, “ina tafe ina jin kaina, sai ga wata yarinya za ta tsallaka titi da kan keken ɗinki a ka, ta karɓo daga wurin gyara. Don iyayi na danna mata hon. Ta firgita, keken ya suɓuce, ya sauka a nan. Na fito zan yi masifa. Kafin in buɗe baki ta riga ni. Ta wanke ni tas a gaban jama'a, ta ce sai na kai ta an gyara mata kekenta, kuma sai na mayar da ita gida. Na kai ta. Ban daina kai ta ba shekara goma sha tara.”

Gefen keken nan da ya ɓalle. Kullum hannuna a kansa, ban taɓa tambaya ba. Na toshe baki da farin mayafina, wanda a lokacin ya riga ya zama mai zane-zanen baƙin mai, na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya.

“Da kika ɗaga murya ɗazu,” in ji Mai Guduma a hankali, “ashe gado ne.”

Baba ya yi dariya, idonsa jawur. Ya sake ɗaga bonet, ya kalli jan tabon. “Uwar ta loɓa ta sama, 'yar ta yi mata kwalliya ta ƙasa. Kada a goge wannan.”

Sannan ya dubi Sifana. “Na ce Juma'a, na ce kada guduma. Da gangan na haɗa maka biyu, in ga wanne za ka saki idan sun matse ka. Ka saki wanda ya dace. Ka yi aikinka a tsanake. Ranar da bonet ya rufu da kansa, ka turo su.”

“Baƙon Asabar fa, Baba?” Ni ce na tambaya, ba kunya, hawaye shaɓe-shaɓe.

“Zan ba shi haƙuri da kaina. Gwaggonki kuma ke za ki yi mata bayanin inda jan-bakinta ya tafi, ni ba ruwana.”

Ashe ya san kwalin! Tsohon nan ba abin da ke wuce shi a gidan.

Bayanin Gwaggo kam an sha kallo. Na miƙa mata abin da ya rage, guntu, duk ya baje, har da ɗan baƙi-baƙi a gefe. Ta riƙe shi da yatsa biyu kamar mataccen ƙadangare.

“Inji? Inji kika shafa wa?”

“Ya karɓe shi sosai, Gwaggo.”

Ta bi ni da mafici har tsakar gida. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Amma jiya na ji ta tana tambayar Baba, wai shi Baƙin Man nan, manyan nasa su nawa ne za su zo, don ta san kujerun da za a aro.

Kwana huɗun nan sun zama biyar, don kaskon farko da aka samo bai yi ba. Ni kuma na zama bakanike ta waya. Kullum sai ya ɗora ɗan curin yumɓu a saman injin, ya sauke bonet, ya ɗaga, ya turo min hoton yadda ya baje. Ranar farko kamar an taka shi. Ranar uku ya yi kaurin rabin yatsa. Ina zaune a gaban keken Mama ina gwada kaurin yumɓu da tef a fuskar waya, mai rigar nan mai hannu ɗaya tana tsaye a kaina tana tsaki.

Ɗazu da la'asar saƙon murya ya shigo. Daƙiƙa tara. Bai ce komai a ciki ba. Sai ɗan ƙarar ƙarfe yana saukowa, sannan ƙyas, ya kama. Sai inji ya tashi, lafiya lau, ba abin da ke bugun wani.

Sau goma sha bakwai na saurara, na ƙirga. A na goma sha takwas na fita da gudu ba takalmi, na sami Baba a inda Dattijuwa ta saba tsayawa, yana zaune da tsummansa a cinya, ba abin gogewa. Na durƙusa na kanga masa wayar a kunne. Ya saurara har ƙarshe, ya rufe ido.

“Sake sa min,” ya ce.